Ina Turbar Bakin Kogi Ta Tafi?

 Abin da nake so in jawo hankalin 'yan'uwa a kansa a wannan mako ƙaramin abu ne a ido, watau 'yar turbar nan da ke bin gaɓar kogi ko gefen kududdufi, wadda faɗinta bai wuce mutum biyu su gitta wa juna ba. Ba ta da kwalta, ba ta da suna, ban kuwa taɓa jin an ware mata ko kwabo a kasafin kuɗin wata hukuma ba. Ƙafar mutane da kofaton dabbobi su ne suka yi ta. Amma ga shi tana ɓacewa a ƙasarmu ta Gaya da Ajingi, taki ɗaya yau, taki ɗaya gobe, kuma galibin masu hannu a cikin ɓacewarta mu ne, masu karanta wannan fili: attajirin da ya sayi lambu ko fili, da ma'aikacin da ya sa hannu a takardar. Abin mamaki kuma, mu ɗin nan ne muka fi kowa bukatarta yanzu.

Ga wanda bai san wurin ba, bari in ɗan shimfiɗa masa. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa a kudancin birnin Kano, su zama kogi ɗaya, ya bi ta ƙarƙashin gadar Wudil, ya ratsa ta gefen ƙasar Ajingi, ya nufi Ringim da Haɗeja. A takarda Kogin Haɗeja ake ce masa, mu kuwa Kogin Wudil muka tashi muna ji, ko kuma a ce kogi kawai, domin ba mu da wani. Garin Gaya shi ba a bakin kogi yake ba. Nasa ruwan na rijiyoyi ne da kududdufai, waɗanda aka haƙa ƙasarsu aka gina gidaje da ganuwa tun zamanin kaka da kakanni. A ɗaya daga cikin ƙauyukan bakin kogin nan aka haife ni, sa'ad da Ajingi take ƙarƙashin Gaya, tun ba a yanke ta ta zama ƙaramar hukuma mai zaman kanta ba.

Mutanen Gaya mutanen tafiya ne tun asali. Ruwayar da kowa ya sani ita ce maƙeran da ake kira Abagayawa daga Gaya suka taso suka je gindin Dala neman tama, kuma ba a mota suka je ba. Littafin Tarihin Kano ya ambaci Sarkin Gaya tun zamanin Sarkin Kano Yakubu, wanda ya yi sarauta daga 1452 zuwa 1463, garin kuwa yana kan hanyar fatake ta Kano zuwa Barno. Ta wannan hanya ta gabas ɗin ce alhazan da suke bi, su ratsa Barno da Wadai da Darfur har su kai bakin Bahar Maliya, waɗansu su shekara biyu ko uku a tafe, waɗansu su yi fiye da haka, waɗansu kuma har yau jikokinsu suna Sudan. Na riski tsofaffi biyu a ƙauyenmu waɗanda suka yi wannan tafiya. Abin da ba na mantawa da shi game da su shi ne ƙwaurinsu, kamar an sassaƙa da itacen marke, da kuma yadda ba su taɓa auna nisa da mil ba, sai da rijiya da zango.

Kogin da na sani ina yaro ba shi ne na yanzu ba. Kafin a gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kogin na damina ne. Ya cika ya batse a watan Agusta, ya ja baya da kaka, kafin tsakiyar rani ya zama fegin yashi fari fat, sai 'yan gurabe nan da can inda ruwa ya kwanta. A cikin yashin nan mata suke tona 'yan ramuka su ɗebi ruwa mai sanyi da ƙoƙo. Saboda haka muna da hanya biyu. Da rani cikin kogin kansa shi ne gwadabe, ko da yake yashi yana cin ƙarfin ƙafa. Da damina kuwa sai a hau turbar da ke kan gaɓa, a bi ta ƙarƙashin giginyu da ɗorayi da kanya, daga wannan mashigi zuwa wancan. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan koli ne, ta nan yake kora jakinsa daren Juma'a don ya riski kasuwar Wudil da hantsi. Masunta ta nan suke bi da komarsu, Fulani su sauko ta burtali su shayar da shanu a mashaya, almajirai su zo wanki, masu jigo su ratsa zuwa lambunansu. Ba wanda ya taɓa tambaya gonar wa aka bi, gama kowa ya san inda kunya ta ƙarshe ta tsaya, abin da ya rage daga nan zuwa ruwa kuwa na Allah ne da na jama'a.

Da Tiga ta fara aiki, daga baya kuma madatsar Challawa ta biyo a 1992, sai ruwa ya zauna a kogin rani da damina. Wannan alheri ne babba, kada wani ya ji ni ba daidai ba. Noman rani ya bunƙasa, injin ban ruwa ya kori jigo, mutanen da a da suke tafiya cin rani suka zauna gida suna fid da tumatir da albasa da tattasai da shinkafa. Amma gwadaben yashi ya tafi ke nan, ya bar turbar gaɓa ita kaɗai. A daidai wannan lokaci kuma ƙasar bakin ruwa ta yi daraja irin wadda ba ta taɓa yi ba, kowane taki ya zama kuɗi. To, turba ba ta da mai ita da zai tsaya mata.

Mu kuma a namu ɓangaren muna can muna sauka daga ƙafafunmu. Na kama aikin gwamnati a farkon shekarun 1970, kuma abin da ƙaramin ma'aikaci yake buri a lokacin shi ne keken Raleigh, wanda har masana'antarsa akwai a Kano. Malamin makaranta, da malamin gona, da malamin tsabta, da ɗan sako na kotu, duka a keke suke zagaya ƙauyuka, an soke ƙafar wando a cikin safa, an ɗaure fayil a kariya. Ina tune da ruɗanin da aka yi a watan Afrilu na 1972 da aka koma tuƙi ta hannun dama, masu keke a ƙauye suka yi makonni suna karo da juna a kan hanyar da ko mota ba ta bi. Sai kuɗin Udoji suka fito a farkon 1975. Cikin 'yan watanni keke ya zama abin kunya ga mai albashi, kowa ya koma babur, wanda ya ɗan ɗara ya ci bashin mota. 'Yan kasuwa ma haka. Wanda ubansa ya yi fatauci a ƙasa, shi ya zauna a rumfa daga hantsi har la'asar sakaliya, abinci ya same shi a nan, shayi ya same shi a nan, in an kira salla ya taka taki ashirin zuwa masallacin bakin layi. A hankali har ya zamana in aka ga mai rufin asiri yana tafiya a ƙasa sai a tsaya a tambaye shi lafiya, ko motar ce ta lalace.

Jiki kuwa ba ya yafe wannan bashi. Ku duba sa'o'inmu, waɗanda suka yi ritaya daga ofis da waɗanda suka tsufa a kasuwa: nawa ne ba sa shan maganin hawan jini ko na ciwon sukari? Nawa ne suke salla a kan kujera tun ba su kai saba'in ba? Ni ma da lokacina ya zo, likita ya rubuta mini ƙwayoyi, sa'an nan ya ce akwai wani magani da ba a sayarwa a kemis, watau in riƙa tafiya da ɗan sauri rabin sa'a kowace rana. Ba shi ya ƙago wannan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana bukatar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako. Minti 150 ɗin nan shi ne rabin sa'a sau biyar. Mahaifiyata tana cika wannan kafin rana ta take, tsakanin rijiya da turmi, ba ta kuwa taɓa jin sunan hukumar ba.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne wajen aikin Hajji. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, zuwa da dawowa sau bakwai, ya kai wajen kilomita 3. Ga ɗawafi a cikin cunkoso, ga tafiya daga hema zuwa wurin jifa a Mina da komowa, kwana bayan kwana, a cikin zafin da kowa ya sani. Shekarar da Allah ya nufe ni da zuwa, na ga manyan attajirai, waɗanda suka biya kujera ba tare da sun ji a jikinsu ba, suna zaune a gefen hanya suna haki, ƙafafu sun kumbura, alhali wata tsohuwa daga ƙauye, wadda aka yi wa karo-karo, ta wuce su da 'yar jakarta a kai. Kuɗi yana sayen kujerar jirgi, yana sayen masauki kusa da Harami, har yana hayar keken turawa. Amma mutum ya tsaya da ƙafafunsa a gaban Ɗakin Allah, wannan sai wanda ya yi tanadinsa tun daga gida.

Akwai masu ganin cewa motsa jiki al'adar Turawa ce, ko kuma aikin yara da sojoji. Waɗannan ina roƙonsu su koma ga littattafan hadisi. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan je masallacin Ƙuba kowace Asabar, wani lokaci a ƙasa, wani lokaci a kan abin hawa, tsakanin Ƙuba da masallacinsa kuwa akwai wajen kilomita 3. Muslim ya ruwaito cewa da Banu Salima suka yi niyyar tasowa su dawo kusa da masallaci, sai ya umurce su su zauna a unguwarsu, domin ana rubuta musu ladan sawayensu. Abu Dawuda ya kawo labarin tseren da ya yi da Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, har sau biyu, ta tsere masa a na farko, ya tsere mata a na biyu bayan shekaru. Sahabi Salamatu ɗan Akwa'u kuwa da gudu ya shahara, shi ne ya bi mahayan da suka kore raƙuman Manzon Allah da ƙafa, ya hana su sakat har agaji ya iso. Saboda haka dattijon da ya ɗaura takalmi ya yi sassarfa bayan asuba bai zubar da girmansa ba, in dai ya suturta jikinsa kamar yadda shari'a ta ce.

To, amma a ina zai yi ta? Nan ne maganar take. Sa'ad da na fara bin umurnin likita a Gaya, babban titi na fara gwadawa, watau hanyar Kano zuwa Maiduguri wadda ta biyo ta Wudil. Titi ne na manyan motoci, tirela da tanka suna wucewa kamar iska, iskarsu kaɗai ta isa ta ture mai keke. Duk da haka a gefensa nake ganin samari 'yan ƙwallo suna gudu da duku-duku, da masu shirin neman aikin soja ko na ɗan sanda, gabana yana faɗuwa duk sa'ad da fitilar mota ta haske su. Cikin gari kuma lunguna ne, da babura, da kwatami, ga gaisuwa. Mutum mai shekaruna ba ya taki hamsin a Gaya ba a tsayar da shi ba, ba kuwa zai wuce ɗan'uwa Musulmi ya ce likita ya hana shi tsayawa ba. Gefen kududdufi, inda a da akwai sarari da inuwa, yanzu ko dai an cike shi da shara an yanka filaye, ko kuwa gini ya zo har bakin ruwa, abin da ya saura ya zama juji da makewayi.

Shi ya sa na koma ƙauyenmu na nemi tsohuwar turba. Na same ta, amma guntu-guntu. Ka yi tafiyar minti goma cikin daɗi, ruwa a hagunka, belbelu suna tashi, masu fito suna tura jirgi, sai ka ci karo da shingen ƙaya wanda ya gangara har cikin ruwa. Ka kewaya ta cikin gonar mutane kana jin kunya, ka dawo kan turba, can gaba kuma ka tarar da katangar bulo. Wani mai hali daga birni ne ya sayi lambun, ya kewaye shi har gaɓa, ya sa ƙofar ƙarfe. Na san shi, mutumin kirki ne, mai zakka, ya ma gina masallaci a unguwarsu. Da na yi masa magana sai ya ɗauko mini takarda mai hatimi, ya nuna mini inda aka rubuta cewa iyakarsa ta yamma kogi ne. Gaskiya ya faɗa, haka aka rubuta. Wanda ya auna, da wanda ya buga takardar, da wanda ya sa hannu, duka ma'aikata ne irina, kuma na tabbata ba wanda ya yi nufin zalunci a cikinsu. Ba su dai ga turbar ba ne, domin ba a ƙasa suka zo ba.

Gaba kaɗan kuma aikin masu tifa ne. Ana kwasar yashi dare da rana don gine-ginen birni, ana ci har ƙarƙashin gaɓa, damina na zuwa sai gaɓar ta rufta da turbar da itatuwan da ke kanta. Inda turbar ta tsira daga shinge da tifa, sai ka tarar an mai da ita bayan gida, musamman kusa da mashigi, inda jama'a suke jiran jirgi. Ruwan sama na farko ya wanke wannan duka ya zuba a inda ake ɗiban na sha da na alwala. Daga nan amai da gudawa suke tasowa. Tsargiya ma haka take yaɗuwa: mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen cutar su shiga dodon koɗi su girma, su fito su huda fatar yaron da ya shiga wanka.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan da shari'a ta bari ba ta yi magana a kansa ba, har nakan yi mamakin yadda muke karanta babukan nan a zaure mu wuce kamar labarin wata ƙasa ake ba mu. Muslim ya ruwaito gargaɗi game da abubuwa biyu masu jawo wa mutum tsinuwa, watau yin bahaya a kan hanyar mutane ko a inuwarsu, a ruwayar Abu Dawuda kuma aka ƙara da mashayar ruwa. Turbar bakin kogi ta haɗa duka ukun a wuri ɗaya. An ruwaito kuma cewa mutane sun yi tarayya a cikin ruwa da ciyawa da wuta. To, ina amfanin tarayya a cikin ruwan da aka toshe hanyar zuwa gare shi? Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin abin da suke kira harimi, watau sararin da ke kewaye da rijiya ko ruwa wanda ba a barin wani ya mallake shi ta yadda zai ƙuntata wa masu zuwa sha. Shehu Halil a cikin Muhtasar ya tafi a kan cewa ginin da aka yi a kan hanyar jama'a rushe shi ake yi, ko da bai cuci kowa ba. Hadisin wanda ya ci taki ɗaya na ƙasa da zalunci, da abin da za a rataya masa ranar Alƙiyama, ba mai karatun da bai san shi ba; sai dai mun ɗauka a kan gonar maƙwabci kaɗai yake magana, alhali ƙasar da jama'a duka suke da haƙƙi a cikinta ta fi wuyar warwarewa, gama ba ka san wa za ka nema gafara ba. Har faɗin hanya ma an ƙayyade: Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa in an yi jayayya a kan hanya, a sanya ta kamu bakwai. Kamu bakwai ya ɗan haura mita 3. Ya ishi jaki da kaya, da mai keke, da mai tafiya a ƙasa su wuce ba wanda ya taɓa wani.

Sai dai kada in yi wa manomi rashin adalci. Wanda gadonsa 'yar fadama ce da ba ta kai rabin eka ba, kamu bakwai a tsawon gonarsa kwandunan tumatir ne masu yawa, watakila kuɗin makarantar ɗansa ke nan. Ga shi kuma kogi ba ya zama wuri ɗaya. Bana ya ci gaɓar nan, baɗi ya ci waccan, ambaliya irin ta daminar 2022, wadda ta rushe ɗaruruwan gidaje a ƙasar Ajingi, takan canja fasalin wuri a dare ɗaya. In kogi ya cinye turba, dole ta ja baya ta shiga gonar wani, shi kuwa bai yi laifin kome ba. Na zauna da irin waɗannan manoma, ba kuwa zan iya duban idonsu in karanta musu Muhtasar in tashi in tafi ba. Hukuncin attajirin da ya kewaye eka goma dabam, na mai 'yar fadama dabam.

A nan ne nake ganin 'yan kasuwarmu suna da wata ƙofa ta alheri da ba su lura da ita ba. Mun iya gina masallaci, har wani lokaci a sami uku a layi ɗaya, kowanne sahu biyu. Amma Sayyidina Usman, Allah ya yarda da shi, rijiyar Ruma ya saya a Madina ya bar wa Musulmi. Zubaida, matar Halifa Haruna Rashid, wadda ta rasu a shekara ta 216 bayan Hijira, abin da ya sa sunanta ya wanzu shi ne hanyar alhazai daga Kufa zuwa Makka, mai tsawon fiye da kilomita 1,000, wadda ta sa aka yi wa rijiyoyi da tafkuna da zanguna. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma, a littafinsa Usulus Siyasa wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa gyaran hanyoyi da kasuwanni cikin abin da ya hau kan shugaba. Me zai hana mai hali ya sayi siririn yankin nan na gaɓa daga hannun mai ƙaramar gona, ya biya shi da daraja, a rubuta shi waƙafi a gaban alƙali da dagaci, a dasa darbejiya da mangwaro a jere don saiwarsu ta riƙe ƙasa? Kuɗin da ake kashewa a tayil ɗin masallaci ɗaya zai sayi turba mai nisa, ya kuma gina makewayi biyu a bakin mashigi. Na sani ba a manna allon marmara mai suna a jikin turba, watakila shi ya sa ba ta da farin jini.

Ma'aikata kuwa nasu ya fi sauƙi, domin alƙalami ne kawai. Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye amana a hannun gwamna, ta kuma ba ƙananan hukumomi ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a karkara. Ashe ke nan takardar lambun bakin kogi ta teburin ɗayanmu take bi. Ma'aunin fili da zai sauka daga mota ya taka gaɓar da ƙafarsa, ya tambayi mai unguwa ina mutane suke bi, sa'an nan ya kafa turakunsa a bayan turba, ya gama aikin. Tun daga watan Yuli na 2024 kuma, da aka sake kafa masarautar Gaya a matsayin mai daraja ta biyu, ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu suna ƙarƙashin sarki ɗaya, saboda haka magana ɗaya daga fada za ta iya isa ga kowane hakimi da dagaci da ke da gaɓa ko kududdufi a ƙasarsa.

Kada mu ce wannan tunanin ƙauye ne. Alhazan 'yan shekarun nan sun ga yadda aka gyara hanyar da ta tashi daga wajen masallacin Annabi zuwa Ƙuba aka bar wa masu tafiya a ƙasa, da fitilu da wuraren zama. A birnin Seoul na Koriya ta Kudu akwai wani rafi da aka rufe da kankare aka ɗora masa gadar sama ta motoci. Tsakanin 2003 da 2005 suka rushe gadar, suka buɗe rafin, suka yi masa hanyar ƙafa a gefe biyu, da kuɗi masu ɗimbin yawa. Mu kuwa a Kano, tsakanin 2011 da 2015 aka shiga aikin rufe rafin Jakara a shimfiɗa titi a kansa. Ban zargi kowa ba, domin duk wanda ya san warin Jakara da abin da ake aikatawa a bakinta ya san dalili. Amma ruwa ba ya tsami banza: sai da aka bar gefen rafi ya zama juji shekara da shekaru, sa'an nan rufe shi ya zama magani. Gaya da Ajingi ba su kai nan ba tukuna, abin da waɗancan suke saye da miliyoyi mu har yanzu muna da ragowarsa kyauta.

Wani abu kuma ya faru wanda ban zata zan gani ba. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000, sai keke ya fara dawowa. Mai faci da ke kusa da gidana, wanda a da sai kekunan yara yake gyarawa, yanzu malaman makaranta da ƙananan ma'aikata ne suke layi a rumfarsa, an ciro tsofaffin kekuna daga rumbu ana sa musu sabuwar kaca da birki. Ba wa'azin likita ne ya dawo da su ba, tsada ce. Amma mai keken da ya taso daga ƙauyen bakin kogi zuwa wurin aiki, in turba a buɗe take, ya rage nisa ya kuma tsira daga tirela. In a toshe take, sai ya hau kwalta ya sa ransa a hannu.

Akwai ladubban da za su biyo baya in Allah ya sa turbar ta dawo, kuma ba sababbi ba ne. Hadisin haƙƙin hanya ya ambaci runtse ido, da kame cuta, da amsa sallama, da umurni da kyakkyawa da hani ga mummuna, an kuma koyar da cewa mahayi shi ke fara yi wa mai tafiya a ƙasa sallama. Runtse ido ya fi nauyi a bakin ruwa, inda mata suke wanki da ɗiban ruwa. Saurayin da ya zo gudu ya san cewa su ya tarar, ba su suka tarar da shi ba. Matanmu na cikin gida ma, waɗanda famfo da injin niƙa suka hutar, hawan jini bai ƙyale su ba. A gidana mun sami sa'ar da ta dace, tsakanin sallar asuba da fitowar rana, kafin masu lambu su tayar da injuna: ni da uwargida da jikanmu ɗaya mukan bi guntun turbar da ya saura, daga tsohuwar tsamiya zuwa katangar bulo, mu juyo. Na auna da agogo, minti goma sha ɗaya ne zuwa, goma sha ɗaya dawowa, saboda haka kullum sai mun ƙara rabin zagaye kafin rabin sa'ar likita ta cika.